LAFIYAR 'YA'YANMU: An Gyara Zuciya, Saura Garkuwar Jiki

  Da na yi niyyar mu tattauna a kan yaye ne a wannan wata, sai ga wata wasiƙa daga Gusau, wadda tun da na karanta ta na kasa ajiye ta gefe. Mai wasiƙar ta roƙi a sakaya sunanta. Ga abin da take cewa:

"Anti, ɗana an haife shi da huda a zuciya. Tun yana wata 2 ba ya iya shan nono sai ya yi ta haki, gumi na keto masa, kuma ba ya ƙiba. Sai da maigidana ya sayar da filinsa, 'yan uwa suka yi karo-karo, sannan muka kai shi Indiya aka yi masa aiki yana da wata 7. Alhamdu lillahi aiki ya yi kyau, yau watanmu 2 da dawowa. To amma gidan ba daɗi. Ni na hana kowa ɗaukarsa, ko tsakar gida ba na fita da shi, allurar ƙyanda ma da lokacinta ya yi na ƙi kai shi don tsoro. Hajiya, wato mahaifiyar maigida, ta ce na mai da mata jika ɗan gwal, na hana dangi ganinsa. Shi kuwa maigida ya ce ai likita ya ce an gama, yaro ya zama kamar kowa. Ranar da jikinsa ya yi zafi ma, maganin maleriya ya sayo masa a kemis. Sannan wata maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ta duba takardar sallamarmu, ta ce an rubuta cewa an cire masa wani abu a ƙirji wai shi taimos. Ba wanda ya gaya mana. Anti, me aka cire wa ɗana?"

Allah Ya ba shi lafiya, Ya raya miki shi, Ya mayar wa maigida da alherin abin da ya kashe. 'Yar uwa, ban ga laifinki ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma bari in faɗa miki tun daga farko, ke da maigida kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya ne ya saki ɗayan. Kuma ba ke kaɗai ba ce a cikin wannan hali, domin kusan jariri 1 cikin kowane 100 da ake haifa a duniya yana zuwa da wata matsala a zuciya, ƙarama ko babba. A ƙasar nan tun 1974 aka fara buɗe zuciya a yi aiki, a asibitin koyarwa na Inugu, kuma kullum yaran da ake yi wa aikin ƙaruwa suke yi, wasu a gida wasu a waje. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne bayanin abin da ke biyo baya, bayan an dawo gida an gama barka.

To mene ne taimos? Wata 'yar tsoka ce mai laushi, mai kama da kitse, da Allah Ya shimfiɗa a bayan ƙashin ƙirji, daidai gaban zuciya. A jikin jariri tana da girma sosai in aka kwatanta da ƙirjinsa, tana nan tana aiki har yaro ya balaga, daga nan sai ta riƙa motsewa kitse na maye gurbinta. Likitoci sun daɗe ba su san amfaninta ba, sai a 1961 wani mai bincike a Landan, Jacques Miller, ya cire ta daga jikin jariran ɓeraye, ya ga sun taso ba sa iya yaƙar cuta. Daga nan aka gane aikinta.

Ki ɗauke ta kamar makarantar horar da sojoji. A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, waɗanda ɓargo ke samarwa. Wani rukuni daga cikinsu, wanda likitoci ke kira ƙwayoyin T, ba sa fara aiki sai sun bi ta taimos an koya musu abu biyu: yadda za su gane baƙuwar cuta, da yadda za su gane naman jikin mai su don kada su auka masa. Makarantar kuwa ba ta da sassauci, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka shiga ba sa fitowa, a can ake kashe su. Waɗanda suka ci jarrabawa su ne ke bazuwa cikin jiki, wasunsu su yi shekaru masu yawa suna gadi.

Matsalar ita ce, wannan makaranta a bakin ƙofa take. Idan likita ya tsaga ƙashin ƙirjin jariri, abin da zai fara cin karo da shi ke nan, ta rufe masa manyan jijiyoyin da zai yi aiki a kansu. Don haka sau da yawa sai ya cire wani sashe nata ko ma dukkanta, sannan ya isa ga zuciyar. Ba kuskure ba ne, ba kuma an sace wa ɗanki wani abu ba ne, kamar yadda na san wasu za su fara raɗe-raɗi in suka ji. Hanya ce ta isa ga abin da zai ceci ransa. Amma ina ganin haƙƙin iyaye ne a gaya musu, kuma rashin gaya muku da aka yi bai dace ba.

Uwar da aka yi wa ɗanta aiki za ta iya duba tabon. In a tsakiyar ƙirji yake, daga ƙasan wuya ya sauko, akwai yiwuwar an taɓa taimos. In kuwa ta gefen haƙarƙari aka shiga, ko kuma ta jijiyar matsematsi aka zura siririn bututu aka toshe hudar ba tare da yanka ba, to galibi tana nan yadda take.

Yanzu ga tambayar da na san ita ke hana ki barci: shin yaron da aka cire wa taimos ya rasa garkuwar jiki ke nan? A'a. Tun yana ciki makarantar ta fara yaye ɗalibai, saboda haka kafin a yi aikin ya riga ya tara sojoji masu yawa, kuma waɗannan suna iya hayayyafa da kansu. A wasu yaran ma, in an bar ɗan guntu, yakan sake tofowa. Abin da ake gani in an auna jininsu bayan shekaru shi ne ƙwayoyin T ɗinsu sun fi na sa'o'insu ƙaranci, musamman sabbin da ba su taɓa haɗuwa da wata cuta ba, har garkuwar takan yi kama da ta wanda ya girme su. Abin ya fi fitowa ga waɗanda aka yi wa aikin suna 'yan watanni. Wani bincike da aka yi a kan dubban yara a ƙasar Suwidin, aka buga a 2018, ya nuna sun fi sauran yara kamuwa da cututtuka, da kuma irin ciwon da jiki ke yaƙar kansa, kamar raunin maƙoƙo da kumburin gaɓoɓi.  Amma mafi yawansu suna tasowa lafiya, su yi makaranta, su yi tsalle-tsalle, su yi aure. Wato dai ɗanki ba ɗan kwalba ba ne, sai dai kuma akwai abin lura a tare da shi wanda babu a tare da yayyensa.

Wannan na dogon zango ke nan. Akwai kuma na makonnin farko, wanda shi ya fi haɗari, kuma shi ne maigida ya yi wa riƙon sakainar kashi.

Yawancin aikin zuciya ba ya yiwuwa sai an tsayar da ita. Ana haɗa yaro da wani inji da zai karɓi aikin zuciya da huhu, jini ya fita ta bututu, ya sha iska a cikin injin, ya dawo jiki. A 1953 aka fara cin nasarar amfani da shi a birnin Filadelfiya ta Amurka, a hannun wani likita John Gibbon. Rahama ce babba, amma jini bai saba taɓa roba ba. Da ya taɓa, sai sojojin jiki su ɗauka an kawo hari, su tashi gaba ɗaya. Shi ya sa uwa za ta ga ɗanta ya kumbura a ɗakin kulawa ta musamman, ga zazzaɓi, alhali ba wata cuta. Bayan wannan hargitsi sai garkuwar ta yi laushi na wasu kwanaki, kamar wanda ya yi gudu ya gaji, ga kuma miki a ƙirji, ga bututai a jijiya, ga yaro dama a rame. A wannan taga ce ƙwayoyin cuta suka fi samun shiga.

Sannan akwai wani abu da kan biyo baya daga mako 1 zuwa mako 6, wani lokaci ma fiye, bayan iyaye sun saki jiki. Garkuwar jiki takan juyo ta fusata da jakar da ta lulluɓe zuciya saboda an yanke ta, sai ruwa ya fara taruwa a ciki. Alamarsa zazzaɓi, ƙin abinci, ƙyuya, amai, haki, babban yaro ya ce ƙirjinsa na ciwo musamman in ya kwanta. To wace uwa ce a ƙasar nan za ta ga zazzaɓi da amai ba ta ce maleriya ba ce? In an gano shi da wuri, hoton zuciya ke nuna shi, magungunan rage kumburi ke kwantar da shi. In aka bar shi ana ta ɗirka maganin maleriya, ruwan na iya matse zuciyar har ta kasa bugawa yadda ya kamata, a wayi gari fili ya tafi, yaro ya tafi. Allah Ya kiyaye.

Don haka ina roƙon maigida, da duk mazan da matansu za su karanta musu wannan shafi: zazzaɓin yaron da aka yi wa aikin zuciya ba na kemis ba ne. A sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye a gida, kuɗinsa bai kai na atamfa ba. Da ya kai 38, a nufi asibiti a ranar, tare da takardar sallama, a gaya wa likita tun kafin ya tambaya cewa an yi wa yaron nan aikin zuciya a wata kaza. A gwada maleriya, ƙwarai kuwa, domin sauro bai san an yi aiki ba. Amma ko gwajin ya nuna akwai ta, a saurari zuciyar, a duba mikin. In wurin ɗinkin ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana fitar da ruwa ko mugunya, wannan ma ba a kwana da shi. Kuma kada a ba shi kafso ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi jininsa. Dalili kuwa, ƙwayar cuta takan shiga jini ta je ta maƙale a kan facin da aka sa a zuciya, kuma ba a gane wace iri ce sai an shuka jinin a ɗakin gwaji. Maganin kemis na kwana biyu ba zai kashe ta ba, sai dai ya ɓoye ta.

Wannan facin shi ya kawo mu ga maganar da na san ba za ta yi wa wasu kakanni daɗi ba. Kusan wata 6 jiki ke ɗauka kafin ya lulluɓe faci da fatarsa, kafin nan duk abin da zai buɗe wa ƙwayar cuta hanyar shiga jini abin gudu ne. Cire beli, da tsaga, da ƙaho, duk a ajiye su. Kaciya da hudar kunne a jira sai likitan zuciya ya ba da izini, kuma kaciyar a yi ta a asibiti. In za a cire haƙori, a gaya wa likitan haƙori, don akwai maganin da ake ba irin waɗannan yara kafin a fara. Bakin yaro ma a kula da shi tun daga haƙorin farko, domin ruɓaɓɓen haƙori da dasashi mai jini na daga cikin manyan ƙofofin da cutar ke bi. Alawa da cakulan ɗin da 'yan dubiya ke kawowa don tausayi, a rage.

Sai batun allura, inda ke kuma kika kauce, 'yar uwa. Yaro mai ciwon zuciya ya fi kowa bukatar rigakafi, domin ƙyanda ko nimoniya ko tarin shiƙa da wani yaro zai sha ya tashi, shi suna iya kayar da shi. Alluran da ba su da ƙwayar cuta mai rai, irin su ta nimoniya da wadda ta haɗa cututtuka biyar, ana ci gaba da su da zarar ya murmure, galibi bayan mako 4 zuwa 6. Ta ƙyanda ce ke da sharaɗi, shi ma ba don tana da haɗari gare shi ba. Kusan duk jaririn da aka sa wa injin nan an ƙara masa jini, jinin kuwa yakan zo da garkuwar babban mutumin da ya bayar, wadda za ta iya kashe allurar kafin ta yi aiki. Shi ya sa ake jinkirta ta daga wata 3 zuwa wata 7, gwargwadon abin da aka ƙara masa. Kin ga ke nan, jinkirin da kika yi don tsoro ya zo daidai da ƙa'ida ba da saninki ba, amma yanzu ki je likita ya sa muku rana. In kuwa ƙyanda ta ɓarke a unguwa, kada ki jira ranar, ki koma a sake shawara, don akan yi ta a lokacin sannan a maimaita daga baya.

Ta shawara, wadda ake yi tare da ta ƙyanda a wata 9, ita ce ke bukatar a zauna da likita musamman. A nan masana ma sun rabu. A Ingila tun 2019 hukumominsu suka ce kada a yi wa duk wanda aka cire wa taimos, ko da wane dalili aka cire. A Amurka kuwa ba su hana ba, in dai a kan hanyar wani aiki aka cire ta, ba don ita kanta tana da ciwo ba. Mu kuma muna zaune ne a inda cutar take. To wannan hukunci ba na layin awo ba ne, inda ma'aikaciya ɗaya ke fama da mata hamsin. Ki nuna takardarki, ki ce sai likitan yara ya duba. Kuma don Allah kada wata ta ɗauki wannan magana tawa ta mai da ita hujjar ƙin rigakafi ga lafiyayyun 'ya'yanta. Hasali ma, babbar kariyar da za ki yi wa wannan yaro ita ce yayyensa da duk yaran gidan su cika alluransu.

Akwai wasu yara kaɗan da lamarinsu ya fi haka nauyi, su tun daga haihuwa garkuwar ta zo da rauni. Wasu ana haifarsu da ciwon zuciya tare da ƙaramar taimos ko babu ita sam, da ƙarancin sinadarin kalsiyam mai sa jariri jijjiga, wani lokaci da tsagewar ganɗa. Ana kiran wannan da sunan likitan da ya bayyana shi a 1965, DiGeorge. Irin waɗannan sai an ƙirga ƙwayoyin T ɗinsu kafin a ba su duk wata allura ko ɗigo mai ƙwayar cuta mai rai. Wasu kuma ana haifarsu ba saifa. Iyayen masu sikila sun san wannan karatu, domin magani ɗaya ne, penisilin kullum ba fashi. Ki tambayi likita ko ɗanki na cikin ɗayan waɗannan. In ya ce a'a, kin huta.

Mu dawo kan Hajiya. Ni dai ina ganin tana da gaskiya fiye da yadda kike zato. Yau kusan wata 3 da aikin, ƙashin ƙirji yakan haɗe cikin mako 6 zuwa 8, tagar haɗarin nan ta farko ta wuce. Yaron da aka kulle a ɗaki ba ya ganin rana, ba ya rarrafe, ba ya jin hayaniyar 'yan uwansa, ba lafiya aka ƙara masa ba. Ki fito da shi tsakar gida ya sha hantsi. Dubiya kuwa sunna ce, kuma mutanen da suka yi karo-karon kuɗin jirgi ba a rufe musu ƙofa. Abin da za a tsare kaɗan ne: mai mura ko tari ya gaishe ku daga nesa, wanda zai ɗauke shi ya wanke hannu da sabulu, ba sumbata a baki, ba tauna abinci a ba shi, ba hayaƙin turaren wuta ko na icce a inda yake kwana. In akwai mai tsohon tari a gidan, a kai shi gwajin tarin fuka. In ƙarambau ta shigo gida a sanar da likita, musamman in yaron na shan asfirin. Taron biki da suna a ɗan ƙara haƙuri sai ya samu allurar ƙyanda. Ga shawarata: kada ke ki kafa wa Hajiya doka, ba za ta ji daga bakin suruka ba. Ku tafi da ita ganin likita na gaba, ta ji da kunnenta. Na sha gani, kakar da ta ji daga bakin likita takan zama ita ce mai gadin ƙofa, har ta fi uwar tsanani.

Abinci ba sai na tsawaita ba. Ki ci gaba da ba shi nono, domin akwai garkuwa a cikinsa da ba a sayarwa a kanti, ki haɗa da kunun gyaɗa, ƙwai, wake, kifi da ganye. Yanzu da zuciya ta daina cinye ƙarfinsa za ki ga yana cikowa. Sai fa yaron da likita ya ce wani farin ruwa mai kama da madara ya taru masa a ƙirji bayan aiki, shi akan hana shi maiƙo na wasu makonni, kuma a bi abin da aka ce sau da ƙafa, don wannan ruwa da sojojin jiki yake fita. Gidan sauro kuwa kowane dare, rani da damina.

Takardar sallamar nan da maƙwabciyarki ta karanta miki, ki yi mata hoto biyu ko uku, ɗaya a jakarki, ɗaya wajen maigida, asalin kuma a adana inda ruwa da gara ba za su kai ba. In kin koma asibiti ki sa a rubuta a jikin katin rigakafinsa ranar da aka yi aikin, da cewa an ƙara masa jini, da ko duk taimos aka cire ko sashe. Wata rana zai girma ya je gaban wani likita ba tare da ke ba, wannan rubutu ne zai yi magana a madadinki.

Ki sake rubuto mana mu ji yadda kuka ƙare da Hajiya. Maganar yaye kuma tana nan, sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.